Gonar Nabot da Gonakin Bakolori: Nazarin Ma'anar Gādo a 1 Sarakuna 21 da Matsalar Ƙasa a Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Wannan muƙala ta nazarci labarin gonar Nabot da ke sura ta 21 ta Littafin Sarakuna na Ɗaya, sannan ta auna shi da rikicin ƙasa da ya biyo bayan gina madatsar ruwa ta Bakolori a yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Manufar ita ce gano abin da mai karatu Bahaushe ke samu, da abin da ke kuɓuce masa, idan aka fassara kalmar Ibrananci nahala da gādo. An ɗora binciken a kan ra'in fassara bisa muhallin mai karatu na Justin Ukpong, aka kuma bi hanyar nazarin matani da rubuce-rubucen masana. Binciken ya gano cewa gādo na ɗauke da wani sashe ne kawai na ma'anar nahala, cewa zaluncin da labarin ke fallasawa zalunci ne da ya bi ta hanyar doka, kuma kwatanta shi da Bakolori na da iyakokin da ya wajaba a kiyaye.

Fitilun Kalmomi: gādo, nahala, Nabot, Bakolori, fassara, mallakar ƙasa

1.0 Gabatarwa

Littafi Mai Tsarki na daga cikin manyan ayyukan fassara da aka yi zuwa Hausar boko. James Frederick Schön ya fitar da fassarar Bisharar Matiyu a 1857. Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, ya taka muhimmiyar rawa a aikin da ya kai ga buga cikakken littafin a 1932, sannan aka samu sabuwar fassara a 1979. Mai nazarin Hausa kan dubi waɗannan fassarori ta fuskar ƙa'idojin rubutu da aron kalmomi. Wannan muƙala ta ɗauki wata fuska daban, wato yadda kalma guda da mai fassara ya zaɓa ke tsara fahimtar mai karatu game da matsalar da ke damun al'ummarsa.

An zaɓi labarin Nabot ne domin jigonsa ƙwace gona, an kuma zaɓi yankin Bakolori domin a nan ne aka yi ɗaya daga cikin rikice-rikicen ƙasa mafi muni tsakanin manoma da hukuma a tarihin Nijeriya. Mafi yawan mazauna yankin Musulmi ne, Kiristoci tsiraru ne. Saboda haka tambayar da ke gaban masanin Littafi Mai Tsarki a nan ita ce: me matanin ke cewa game da haƙƙin maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba?

1.1 Ra'in Bincike

Ukpong (1995), malamin Katolika ɗan Nijeriya, ya yi kira da a karanta Littafi Mai Tsarki da idon ɗan Afirka. A ra'ayinsa, halin rayuwar talakawa masu karatu ba wurin sauke sakamakon fassara ba ne kawai, shi ne mafarin tambayoyin da ake yi wa matani. Hanyar ta ƙunshi fahimtar halin da mai karatu ke ciki, da nazarin matani a muhallinsa na tarihi, sannan haɗa su biyun su yi wa juna bayani. A ɗaya ɓangaren, Byang Kato (1975) na cocin ECWA ya yi gargaɗi kada a bar al'ada ko buƙatar zamani su danne saƙon nassi. Muƙalar ta riƙi hanyar Ukpong, ta kuma ɗauki gargaɗin Kato a matsayin linzami.

2.0 Labarin Nabot a Muhallinsa

Ahab ya mulki masarautar Isra'ila ta arewa a ƙarni na tara kafin Miladiyya. Sunansa ya fito a rubutun dutse na Sarkin Assuriya Shalmanesar na Uku dangane da yaƙin Ƙarƙar na shekarar 853 kafin Miladiyya. Surar ta nuna cewa Nabot na da gonar inabi a Yezreyel, daura da fadar sarki. Ahab ya nemi ya ba shi ita domin ya mayar da ita lambun ganye, ya yi masa tayin musaya da gonar da ta fi ta ko kuma kuɗinta. Nabot ya ƙi, bisa hujjar cewa gādon kakanninsa ce. Sarki ya koma gida ransa a ɓace, ya kwanta, ya ƙi cin abinci. Sai matarsa Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga hatiminsa, ta umarci dattawan garin su yi shelar azumi, su kawo mutum biyu su shaidi Nabot da zagin Allah da sarki. Aka yi haka, aka jefe shi har lahira, Ahab ya tafi karɓar gonar. A cikinta ne Annabi Iliya ya tarye shi da tuhuma biyu: kisan kai da ƙwace.

Masana sun saɓa game da lokacin da aka rubuta labarin. Rofé (1988) na ganin an tsara shi a zamanin mulkin Farisa, ɗaruruwan shekaru bayan Ahab, lokacin da ake yaƙi da auren baƙin mata. Daga cikin abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi akwai 2 Sarakuna 9:26, inda aka ambaci jinin Nabot da na 'ya'yansa, aka ɗora alhakin a kan Ahab ba tare da ambaton Yezebel ba. Za a ga muhimmancin wannan a gaba.

3.0 Nahala da Gādo

A rubutun boko, kalmar da ke nufin abin da magada ke samu da kalmar da ke nufin abin kwanciya siffarsu ɗaya, tsawon wasali da karin sauti ne ke bambanta su. Fassarar 1979 kan sa alamar tsawo a kan wasalin farko na gādo domin kauce wa ruɗani. Wannan sura na nuna amfanin alamar, domin a aya ta huɗu an haɗa ƙin sayar da gādo da kwanciyar sarki a kan gado.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta ma'ana. Nahala a tsarin Isra'ila ta dā rabo ne na ƙasa da ke manne da dangi. Littafin Firistoci 25:23 ya hana sayar da ƙasa sayarwa ta har abada, bisa hujjar cewa ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta. Surar ta tsara cewa idan talauci ya tilasta wa mutum sayarwa, ana lissafa kuɗin ne bisa yawan girbin da ya rage kafin shekara ta hamsin, lokacin da ƙasa ke komawa ga masu ita, kuma ɗan'uwa na kusa na da ikon fansarta kafin lokacin. Littafin Ƙidaya sura ta 36 ya hana rabon wata kabila ya koma ga wata. Ke nan abin da ake sayarwa amfanin gona ne, ba ita kanta gonar ba. A tsarin Hausawa, wannan ya fi kusa da jingina fiye da saye.

Gādo a Hausa kuwa ya ginu a kan rabon gādo na shari'ar Musulunci. Da zarar an raba, kowane magaji ya mallaki rabonsa, yana iya sayarwa, ko bayar da aro, ko haya, ko kyauta. Polly Hill (1972) ta nuna a bincikenta na Batagarawa ta ƙasar Katsina cewa cinikin gonaki abu ne sananne a karkara. Gaskiya ne ana yi wa mai sayar da gonar mahaifinsa kallon wanda ya gaza, amma wannan abin kunya ne, ba haramun ba. Sakamakon haka, Bahaushe mai karanta amsar Nabot na iya ɗaukarta a matsayin kishin gida ko taurin kai, alhali a matanin asali rantsuwa ce da sunan Ubangiji, wadda ke nuna cewa abin da sarki ya nema ba ya cikin ikon Nabot ya bayar. Tayin Ahab bai gaza ta fuskar farashi ba. Laifinsa shi ne mayar da abin da ba haja ba ya zama haja.

Akwai kalma ta biyu da ta cancanci lura. Aikatau da aka yi amfani da shi wajen bayyana karɓar gonar da Ahab ya yi shi ne yarash, wanda tushensa ɗaya da warisa na Larabci, wato ya gāda. Marubucin ya nuna sarki yana gādon mutumin da aka kashe dominsa. Mai karatun da ya san ƙa'idar fiƙihu cewa wanda ya kashe mutum ba ya gādonsa zai fahimci nauyin tuhumar Iliya nan take. A wannan gaɓa, muhallin Bahaushe ƙarin haske ne ga matanin.

Na uku shi ne lambun ganye. Lafazin Ibrananci gan yarak ya zo ne a wurare biyu kacal: a nan, da Maimaitawar Shari'a 11:10, inda aka siffanta Masar da ƙasar da ake yi wa ban ruwa kamar lambu, saɓanin ƙasar alkawari mai shan ruwan sama. Masana da dama na ganin ishara ce cewa Ahab na son mayar da ƙasar 'yanci ta koma irin ta Masar, inda Fir'auna ke riƙe da ƙasa, manoma na yi masa aiki. Ba noman rani ake suka ba, wanda ke riƙe da ƙasa da ruwa ake tambaya.

4.0 Bakolori

Bayan farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, gwamnatin tarayya ta zuba kuɗin man fetur a manyan ayyukan ban ruwa. An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, aka kammala ta a 1978. Tafkin na ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, an kuma tsara shayar da kimanin hekta 23,000 ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A lokacin yankin na cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Zamfara.

Aikin ya shafi mutane ta fuskoki uku. A sama, wajen Maradun, ruwa ya cinye gonaki da gidaje, aka tayar da dubban mutane. A tsakiya, wajen Talata Mafara da Bakura, an karɓi gonaki domin a baje su a haƙa magudanai, aka sare itatuwa masu amfani, manoma suka rasa damina fiye da ɗaya kafin a mayar musu da filaye, kuma sake rabon ya haifar da jayayya kan iyakoki. A ƙasa da madatsar, Adams (1985) ya nuna yadda raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamu. Beckman (1985) ya bi diddigin yadda ƙorafin manoma kan jinkirin diyya ya kai su ga tare hanyoyi da tsayar da aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa manoman. Hukuma ta ambaci adadi ƙalilan na mamata, yayin da wasu majiyoyi suka kai shi ɗaruruwa, kuma 386 ne adadin da ya fi yawo a rubuce-rubuce.

Ta fuskar doka, Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sun tafi a kan tushe guda: ƙasa na hannun hukuma a matsayin amana, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama da amfani ne. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙi saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya jingina diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka, ba a kan darajar ƙasar kanta ba.

5.0 Inda Labaran Biyu Suka Haɗu

Na farko shi ne saɓanin fahimtar ƙasa. Ga injiniya da jami'in diyya, gona hekta ce da ake aunawa a biya. Ga manomi, gandu ne da ya haɗa uba da 'ya'ya, da fadamar da ya san ƙarfinta, da ɗorawa da kukar da kakansa ya bari. Brueggemann (1977) ya bayyana rikicin Nabot da Ahab a matsayin karo tsakanin ɗaukar ƙasa kyauta daga Allah da ɗaukarta abin ciniki. Abin lura shi ne, Littafin Firistoci da dokar 1978 duka sun hana mutum mallakar ƙasa kacokam, amma manufarsu ta bambanta. Na farko ya ɗauke ƙasa daga hannun kowa, har da sarki, domin ya kare mai ƙaramin ƙarfi. Ta biyu ta tattara ikon a hannun gwamna, don haka kariyar manomi ta dogara ga adalcin mai riƙe da amanar.

Na biyu shi ne rigar doka. Yezebel ba ta aika 'yan ina-da-kisa da dare ba. Ta cika sharaɗin shaidu biyu na Maimaitawar Shari'a 19:15, ta zaɓi laifin da Fitowa 22:28 ta hana, ta yi amfani da azumi da zaman dattawa. Andersen (1966) ya nazarci wannan fuska ta shari'a a labarin. Darasin shi ne cewa bin matakan doka ba hujjar adalci ba ne. Aikin Bakolori ma ya tafi da takardu da kwangila da jerin sunayen diyya, amma waɗannan ba su hana manomi kwana da yunwa ba.

Na uku shi ne shirun na kusa. Matanin ya jaddada cewa dattawan da suka aiwatar da umarnin mazauna garin Nabot ne, sun san shi, sun san gonarsa. Ba a ambaci ko mutum ɗaya da ya yi musu ba. A nan ne binciken Rofé ke da amfani: karatun da ya tara laifi a kan baƙuwar mace yana wanke sarki da dattawa. Haka nan, bayanin Bakolori da ya tsaya a kan kamfanin ƙasar waje kaɗai ya manta cewa yanke shawara da aika 'yan sanda duk a hannun 'yan ƙasa suke.

6.0 Iyakokin Kwatanci

Adalcin ilimi ya buƙaci a faɗi inda kwatancin ya tsaya. Ahab lambun kansa yake so, alhali Bakolori aiki ne na samar da abinci, kuma har yau dubban manoma na cin moriyar noman shinkafa a cikinsa, har ma shirin TRIMING na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014 ya sa gyaransa cikin ayyukansa. Nabot mutum ɗaya ne da ya ƙi sayarwa ko nawa za a ba shi, manoman Bakolori kuwa jama'a ce da babbar buƙatarta ita ce a biya ta haƙƙinta a kan kari. Bugu da ƙari, waɗannan manoma Musulmi ne, ba da labarin Nabot suka fahimci gwagwarmayarsu ba. Suna da nasu tushen: hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da azabar wanda ya ƙwaci ko da taƙi ɗaya na ƙasa, da littafin Ta'alimur Radi na Abdullahi ɗan Fodiyo kan hukunce-hukuncen ƙasa, da sukar da Kitabul Farƙ ya yi wa sarakunan da ke cin dukiyar talakawa. Masanin Kirista da ya zo wannan fage baƙo ne mai kawo gudummawa, ba mai gida ba.

7.0 Matanin da Halin Yau

Matsalar ƙasa a yankin ta sauya kama. A yau masu ɗauke da makamai ne ke korar manoma daga gonaki ko ɗora musu haraji kafin shuka da girbi. Sace 'yan mata a makarantar Jangeɓe ta Talata Mafara a watan Fabrairu na 2021, da ɗalibai a kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta, da na makarantar Kaya ta Maradun a watan Satumba na shekarar, sun nuna zurfin lalacewar tsaro. Daga cikin tushen rikicin akwai cinye burtali da makiyaya, wanda shi ma raba mutane ne da abin da suka gāda. Wannan ba uzuri ba ne ga mai zubar da jini, domin tuhumar Iliya ta fara da kisa kafin ƙwace.

Tun a ƙarni na huɗu Ambrose, bishop na Milan, ya rubuta littafi guda a kan Nabot domin jan kunnen attajiran zamaninsa, don haka amfani da surar wajen sukar zaluncin ƙasa ba sabon abu ba ne a al'adar Kirista. Abin da ta ɗora wa cocin da ke tsiraru a Zamfara shi ne kada muryarta ta taƙaita ga filin gina majami'a ko lafiyar mabiyanta. Iliya ba ɗan'uwan Nabot ba ne, ba shi da rabo a gonar. Kasancewar Alƙur'ani ya ambaci Annabi Ilyasu a Suratul An'am da Suratus Saffat ya samar da matattarar da malaman addinan biyu za su iya tattauna haƙƙin manomi da makiyayi. Haka kuma surar ta rufe da tuban Ahab da jinkirta hukuncinsa, amma ba ta ambaci mayar da gonar ba. Wannan giɓi na tunatar da masu neman sulhu cewa nadama ba ta maye gurbin mayar da haƙƙi.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa fassara nahala da gādo ta isar da ma'anar alaƙa da kakanni, amma ta bar ma'anar haramcin sayarwa, yayin da masaniyar Bahaushe da hukuncin gādon mai kisa ke ƙara fito da nauyin yarash. Ta kuma nuna cewa labarin Nabot na haskaka abubuwa uku a tarihin Bakolori: saɓanin fahimtar ƙasa, zalunci cikin rigar doka, da shirun shugabanni na kusa. Ana ba da shawarar masu fassara su riƙa sa bayani a gefen 1 Sarakuna 21:3 da ke bambanta nahala da gādo, tare da amfani da misalin jingina da fansa. Ana kuma kira ga sassan nazarin Hausa da su tattara tarihin baka na tsofaffin da suka shaidi abin da ya faru a 1980, musamman kalmomin da suke amfani da su wajen ambaton gonakin da suka rasa, domin a nan ne za a gane ainihin abin da gādo ke nufi ga manomin Zamfara.